DARASIN WATA: AIKI YA TAFI, ƘURI'A TA BI SHI

Darasin wannan wata ya shafi aiki da zaɓe. Labarinsa ya fito ne daga ƙasar Birtaniya, wadda aka fi sani da Ingila. A can akwai garuruwan da suka rayu a kan sana'a ɗaya tak, wato haƙar kwal. Mutanensu kuma sun bi jam'iyya ɗaya tun kaka da kakanni. Da sana'ar ta mutu, sai biyayyar ita ma ta fara mutuwa. Darasin zai nuna yadda abin ya faru, da abin da mutanen suka samu daga ƙuri'arsu, da abin da ba su samu ba. A karanta shi a hankali, kashi-kashi. A ƙarshe akwai ma'anar kalmomi da tambayoyi.

KWAL DA AMFANINSA

Kwal wani baƙin dutse ne mai cin wuta kamar gawayi. A ƙarƙashin ƙasa ake samunsa. Irinsa ne aka yi ta haƙa a Inugu, wanda jiragen ƙasa na zamanin Turawa suka yi tafiya da shi.

Da kwal Birtaniya ta yi arziki. Da shi ake narka ƙarfe, da shi ake tayar da injunan masaƙu. Da shi jirgin ƙasa da jirgin ruwa ke tafiya. Da shi kuma ake ɗumama gidaje lokacin sanyi. Ana haƙarsa a arewacin Ingila da tsakiyarta, da kuma yankunan Wels da Sikotlan. A shekarar 1920 mahaƙan kwal sun kai kimanin mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Aikin yana da wuya da haɗari. Mutum zai shiga rami mai zurfi da asuba, ya wuni cikin duhu da ƙura. Wani lokaci rami ya rufta, wani lokaci iska mai guba ta kama da wuta. Amma aiki ne mai ci da iyali. Yaro yakan gama makaranta ya bi ubansa cikin rami, kamar yadda uban ya bi nasa uban.

Kusan kowane rami da garinsa. Mai kanti da mai nama da mai aski duk da albashin mahaƙa suke ci. Akwai zauren taro na ma'aikata, da filin ƙwallo, da ƙungiyar masu busa. Wata doka ta 1920 ta sa a riƙa cire kwabo ɗaya a kan kowane tan na kwal, don a gina wa mahaƙa irin waɗannan wurare.

YADDA AKE ZAƁE A CAN

Kafin a ci gaba, ya kamata a fahimci tsarin zaɓen ƙasar. An raba Birtaniya zuwa mazaɓu 650. Kowace mazaɓa tana aika wakili ɗaya zuwa majalisa a birnin Landan. Ɗan takarar da ya fi sauran ƙuri'a shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ce. Jam'iyyar da ta samu rinjayen kujeru ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama Firayim Minista. Ba a wuce shekara biyar ba a sake zaɓe ba.

Manyan jam'iyyu biyu ne suka daɗe suna karɓa-karɓar mulki. Ta farko ita ce Kwanzabatib, wadda ake kira ta 'yan mazan jiya. An fi saninta da goyon bayan masu dukiya da 'yan kasuwa. Launinta shuɗi ne. Ta biyu ita ce Leba, wato jam'iyyar ma'aikata. Launinta ja ne.

JAM'IYYAR DA MA'AIKATA SUKA HAIFA

Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka taimaka aka kafa Leba a shekarar 1900. Shugabanta na farko a majalisa, Keir Hardie, ya fara aikin rami tun yana yaro. Bai samu makarantar rana ba. Iyayensa ne suka koya masa karatu, ya ƙara da makarantar dare.

Mahaƙan kwal sun riƙe wannan jam'iyya hannu bibbiyu. Ƙungiyarsu tana ba ta kuɗi, tana kuma tsayar da mahaƙa takara. Ita ma jam'iyyar ta saka musu. Bayan ta ci zaɓen 1945, ta karɓe ramukan kwal daga hannun masu su, ta mayar da su mallakar gwamnati a ranar 1 ga Janairun 1947. A lokacin ma'aikatan sun haura 700,000. A 1948 kuma ta kafa tsarin asibiti kyauta ga kowa. Ministan da ya yi wannan aiki, Aneurin Bevan, shi ma tsohon mahaƙi ne.

Don haka a garuruwan kwal, zaɓen Leba ya zama kamar gado. Uba Leba, ɗa Leba, jika Leba. Da yake mazaɓun nan suna jere da juna a kan taswira, daga baya aka sa musu suna Jar Ganuwa.

Ɗaya daga cikinsu ita ce mazaɓar Bolsover, a gundumar Derbyshire da ke tsakiyar Ingila. An ƙirƙiro ta a 1950, kuma daga ranar Leba ta yi ta cin ta shekara da shekaru. A 1970 ta zaɓi Dennis Skinner, mahaƙi ɗan mahaƙi. A riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa a gaba.

DALILAN DA KWAL YA JA BAYA

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa da dama ne suka taru suka rage wa kwal daraja.

Na farko, hayaƙi. A watan Disamban 1952 hayaƙin kwal ya rufe Landan, dubban mutane suka mutu. A 1956 aka yi dokar rage ƙona kwal a cikin birane. Na biyu, jiragen ƙasa sun koma amfani da man dizal da lantarki. Na uku, an gano iskar gas da man fetur a tekun da ke gabas da ƙasar. Na huɗu, injuna sun shigo rami, mutum ɗaya ya fara yin aikin mutane da yawa. Na biyar, kwal ɗin wasu ƙasashe ya fi araha, domin ramukan Birtaniya sun tsufa, sun yi zurfi.

A shekarun 1960 an rufe ɗaruruwan ramuka. An rufe wasu a mulkin Kwanzabatib, an rufe wasu a mulkin Leba. Zuwa 1970 mahaƙa ba su kai 300,000 ba. Amma a wancan lokaci akwai wurin zuwa. Wanda aka rufe raminsa yakan koma wani rami, ko ya samu aiki a masana'anta. Shi ya sa raɗaɗin bai yi tsanani ba.

Duk da raguwarsu, mahaƙa suna da ƙarfi, saboda yawancin wutar lantarkin ƙasar daga kwal take. A 1974 sun shiga yajin aiki. Firayim Minista na lokacin, ɗan Kwanzabatib, ya kira zaɓe don jama'a su raba gardama. Ya sha kaye, Leba ta hau mulki.

BABBAN YAJIN AIKI

A 1979 Kwanzabatib ta dawo mulki a ƙarƙashin Uwargida Magaret Taca. A watan Maris na 1984, hukumar kwal ta ce za ta rufe ramuka 20, mutum 20,000 su rasa aiki. Gwamnati ta ce ramukan asara suke yi, kuma da kuɗin masu biyan haraji ake cike giɓin. Ƙungiyar mahaƙa ta ce rufe rami kashe gari ne. Shugabanta, Arthur Scargill, ya ce ramukan da ake nufin rufewa sun fi 20 nesa ba kusa ba.

Aka shiga yajin aiki. Ya ɗauki shekara guda. Ba albashi, ga sanyi, ga bashi. Matan mahaƙa suka haɗa kai, suna dafa abinci a zauren taro suna raba wa iyalai. An yi arangama da 'yan sanda, an kama mutum fiye da 11,000.

Abu biyu suka karya yajin. Gwamnati ta riga ta tara kwal mai yawa a tashoshin lantarki, don haka wuta ba ta ɗauke ba. Sannan kan mahaƙan ya rabu. Ƙungiyar ba ta kira dukan 'ya'yanta sun jefa ƙuri'a a kan yajin ba, sai yawancin mahaƙan gundumar Nottinghamshire suka ci gaba da aiki. A watan Maris na 1985 sauran suka koma rami ba tare da sun samu biyan buƙata ba. Takardun gwamnati da aka fitar a 2014 sun nuna cewa tun kafin yajin an tattauna rufe ramuka 75.

Daga nan aka shiga rufe ramuka da sauri. A watan Oktoban 1992 gwamnatin Kwanzabatib ta ce za ta rufe wasu 31. A 1993 aka rufe ramin garin Bolsover da na Shirebrook, wani gari a cikin mazaɓar. A 1994 aka sayar wa 'yan kasuwa ɗan abin da ya rage. Rami mai zurfi na ƙarshe, mai suna Kellingley, an rufe shi a ranar 18 ga Disamban 2015.

GARI BAYAN RAMI

Wannan karon babu wurin zuwa, domin masana'antun ƙarfe da masaƙu su ma suna ta sallamar ma'aikata. An biya mahaƙa kuɗin sallama, amma kuɗin sallama ba ya daɗewa. Magidanci mai shekara arba'in ko hamsin, wanda bai san wata sana'a ba sai rami, ya zauna gida. Da yawa sun koma dogaro da kuɗin da gwamnati ke bai wa marasa lafiya. Kantuna suka rufe. Samari masu ilmi suka tafi birane. Zauren taro ya zama kufai a wurare da yawa.

Ƙungiyar ƙwadago ita ce igiyar da ta ɗaure mutane da jam'iyyar Leba. A rami da zauren taro ake hirar siyasa, a can ake sanin ɗan takara. Da aka rufe rami, igiyar ta fara tsinkewa.

Amma ba nan take ta tsinke ba. Mutane suna jin haushin Kwanzabatib, suna sa ran Leba za ta share musu hawaye. A zaɓen 1997 Leba ta yi gagarumar nasara a ƙarƙashin Toni Bileya. A Bolsover, Skinner ya samu kusan uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa.

Leba ta yi shekara 13 a kan mulki. Ta yi wasu ayyuka. Ta sa mafi ƙarancin albashi a 1999. Ta gina makarantu da asibitoci. An biya diyya ga tsofaffin mahaƙa da ƙurar kwal ta lalata wa huhu. An share filayen ramuka, an jawo kamfanoni. A filin ramin Shirebrook aka gina wani katafaren sito na kayan wasanni.

Sai dai sabon aikin bai kai tsohon ba. Yawancinsa aikin sito ne da ɗaukar kaya, albashi kaɗan, babu tabbas, babu ƙungiya mai ƙarfi. Daga 2004 kuma ma'aikata daga Folan da wasu ƙasashen gabashin Turai suka samu izinin shigowa neman aiki. Su ma abinci suke nema, amma wasu 'yan gari suka ga kamar da su ake takarar ɗan aikin da ya rage. Daga 2010, gwamnatin da Kwanzabatib ke jagoranta ta rage kuɗin da take bai wa ƙananan hukumomi, talaucin ya ƙaru.

Mutane da yawa suka fara kukan cewa shugabannin Leba sun zama 'yan birni, sun manta da su. Suna cewa jam'iyyar ta ɗauka ƙuri'arsu tana aljihunta. Da farko ba su koma wata jam'iyya ba. Zaman gida suka yi ranar zaɓe. A ƙasar baki ɗaya, kimanin kashi 78 cikin ɗari na masu rajista suka fito a 1992. A 2001 kashi 59 ne kawai.

GANUWA TA TSAGE

A ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Tambayar ita ce: Birtaniya ta zauna cikin Tarayyar Turai, ko ta fita? Yawancin shugabannin Leba sun ce a zauna. A ƙasa baki ɗaya, kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita. A yankin Bolsover kuwa kimanin kashi 70 ne. Haka abin ya kasance a garuruwan kwal da yawa.

Aka yi shekara uku ana jan ƙafa a majalisa, ba a fita ba. A zaɓen 12 ga Disamban 2019, shugaban Kwanzabatib, Boris Jonson, ya yi alkawari biyu. Ya ce zai kammala ficewar. Ya kuma ce zai ɗaga yankunan da aka bari a baya su kamo Landan.

Kwanzabatib ta samu kujeru 365. Ta cinye mazaɓu da yawa na Jar Ganuwa, har da tsohuwar mazaɓar Toni Bileya. A Bolsover, Dennis Skinner ya faɗi da ratar ƙuri'a fiye da 5,000. Yana da shekara 87 a duniya, ya yi 49 a majalisa. 'Ya'yan mahaƙa da jikokinsu sun zaɓi jam'iyyar da ta rufe ramukan iyayensu.

Rashin aiki ba shi kaɗai ne dalili ba. Akwai batun fita daga Tarayyar Turai. Akwai waɗanda ba su yarda da shugaban Leba na lokacin ba. Sannan garuruwan sun canza, an yi baƙi, tsofaffi sun yi yawa. Amma mutuwar rami ce ta fara raba mutanen da jam'iyyarsu.

Da safiyar nasara, Jonson ya ce ya san wasu aron ƙuri'arsu kawai suka ba shi. Hausawa kuwa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. An ware wasu kuɗi don gyaran garuruwa. Amma annobar korona ta zo a 2020, tsadar rayuwa ta biyo baya, shi kansa Jonson ya sauka a 2022. A zaɓen 4 ga Yulin 2024 masu aro suka karɓe kayansu. Kwanzabatib ta tsira da kujeru 121 kacal. Leba ta samu fiye da 400, Bolsover ta koma hannunta.

Wannan ma bai zama komawa gida ba. Kimanin kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u kawai Leba ta samu. Wata sabuwar jam'iyya mai suna Rifom, wadda ke neman a rage shigowar baƙi, ta samu ƙuri'a fiye da miliyan huɗu. A mazaɓar Ashfield, maƙwabciyar Bolsover, wani tsohon mahaƙi mai suna Lee Anderson ya ci zaɓe. Da can kansila ne na Leba. A 2019 ya shiga majalisa a Kwanzabatib. A 2024 ya koma majalisar a Rifom. A watan Mayun 2025 Rifom ta karɓe majalisar gundumar Derbyshire. Ta kuma karɓe ta Durham, wata tsohuwar cibiyar kwal da Leba ta riƙe kusan shekara ɗari.

Ana cikin wannan juyi, a ranar 30 ga Satumban 2024, aka kashe tashar lantarki ta ƙarshe mai aiki da kwal a Birtaniya.

ABUBUWAN LURA

Na ɗaya: sana'a ba ta mutuwa rana ɗaya. Kwal ya yi shekaru yana ja baya a ƙarƙashin jam'iyyun biyu. Ɗan takarar da zai ce shi kaɗai zai dawo da jiya, a nemi ya yi bayani.

Na biyu: gwamnati ba koyaushe take iya hana sana'a mutuwa ba, amma yadda za a rufe ta yana hannunta. A shekarun 1960 an rufe ramuka akwai wani aiki. Bayan 1985 an rufe su da sauri, babu madadi. Bambancin ke nan.

Na uku: ƙuri'a ba gado ba ce. Bolsover ta bi Leba shekara 69, amma rana ɗaya ta juya. Jam'iyyar da ta daina sauraron mutanenta tana iya rasa su, komai daɗewar zumunci.

Na huɗu: canza jam'iyya ya sa 'yan siyasa sun waiwayi garuruwan kwal, abin da zaman gida bai yi ba. Amma canjin bai dawo da aiki mai albashi irin na da ba. Alkawari kaya ne. Mai ƙuri'a yana da ikon tambayar ɗan takara: wane aiki za a kawo? A wane gari? Mutum nawa zai ɗauka? Yaushe? Da kuɗin wa? A rubuta amsar a ajiye, a fito da ita idan ya dawo neman ƙuri'a.

MA'ANAR KALMOMI

Mahaƙi: mai aikin haƙar ma'adini, kamar kwal. Jam'insa mahaƙa.
Mazaɓa: yankin da ke zaɓen wakili ɗaya.
Ƙungiyar ƙwadago: ƙungiyar ma'aikata mai kare haƙƙinsu.
Yajin aiki: ma'aikata su ƙi yin aiki sai an biya musu buƙata.
Ƙuri'ar raba gardama: zaɓen da jama'a ke amsa tambaya ɗaya da i ko a'a.
Tarayyar Turai: ƙungiyar ƙasashen Turai masu kasuwa ɗaya.
Madadi: abin da ke maye gurbin wani.

TAMBAYOYI

1. Su wa suka taimaka aka kafa jam'iyyar Leba?
2. A kawo dalilai uku da suka sa kwal ya ja baya.
3. Waɗanne abubuwa biyu ne suka karya yajin aikin 1984?
4. Me ya sa rufe ramuka bayan 1985 ya fi na shekarun 1960 zafi?
5. Jam'iyyu nawa Lee Anderson ya shiga? A rubuta sunayensu.

AIKIN LISSAFI

1. Kujerun majalisa 650 ne. Kwanzabatib ta samu 365 a 2019. Nawa suka rage wa sauran?
2. Ta samu 365 a 2019, ta samu 121 a 2024. Nawa ta rasa?
3. An rufe ramin Bolsover a 1993. Shekara nawa aka yi kafin Leba ta faɗi a can a 2019?

ABIN TATTAUNAWA A AJI

Akwai wata sana'a ko masana'anta da ta mutu a yankin ɗalibai? Ina ma'aikatanta suka tafi? Me 'yan takara suka ce a kanta a zaɓen da ya wuce? Kowane ɗalibi ya rubuta tambaya ɗaya da zai yi wa ɗan takara, ya karanta wa aji a mako mai zuwa.